Yarona zai kai mu kwanan daji a cikin mota a Texas, wa ya taɓa yi?

Alhaji na Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Bayan Sallah in Allah ya yarda ni da Hajiya za mu je Houston ganin jika. Jiya yaron nan ya kira ni, wai zai yi hayar wata mota da suke kira RV, mai gado da banɗaki da murhu a ciki, mu je gandun dajin gwamnatin jihar Texas, Brazos Bend, mu kwana biyu. Na ce masa shekara talatin ina fama a Legas don ku kwana a ɗaki mai rufi, yanzu da ka samu sai ka mai da ni daji? Hajiya kuwa tunda ta ji akwai kadoji a wurin ta ce ba da ita ba. Wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya: ruwan alwala fa, da wuta, da tsaro?

Direban Apapa:
Alhaji, mu nan mukan yi mako a cikin tirela muna jiran lodi, ba wanda ya taɓa ce mana yawon shaƙatawa muke. Ashe a can har biya ake yi! Ka ce ya zo in ba shi tawa kyauta, har da sauro.

Ɗan Idi-Araba:
Baba, ka je. Na yi karatu a can, sau biyu na kwana a wurin. Kada ka ɗauka ƙungurmin daji ne. Ka tuna Yankari, da yake hannun gwamnatin Bauchi? Kusan haka ne, akwai ƙofar shiga da ma'aikata, tafiyar kamar awa ɗaya daga Houston. Kowace mota da filinta mai lamba, da famfo, da wurin jona wuta, da tebur, da murhun itace a ƙasa. Amma ya tabbata ya kama wuri ta intanet tun yanzu. Texas na buɗe rajista wata 5 kafin ranar, kuma ƙarshen mako nan da nan yake cika. Ya kuma duba ko motar mai amp 30 ce ko 50, wato ƙarfin wutar lantarkin da take ja, don ya zaɓi filin da ya dace da ita.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne tankin da ruwan datti ke taruwa. Biyu ne a ƙarƙashin motar, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bayan gida. Mu huɗu muka je, kowa na alwala sau biyar a ciki, kafin la'asar ta kwana na biyu ruwa ya fara tasowa ta wurin wanka. Daga nan muka koma alwala a famfon waje da buta, wanka kuma a banɗakunan gandun. Ranar tafiya akwai wurin juye tankunan. A fara da na bayan gida, sannan ɗayan ya wanke tiyon. Ni na yi akasin haka, kuma ban sa safar hannu ba. Kada a tambaye ni sauran labarin.

Kadoji kam akwai su, na ga wani ya miƙe a bakin hanya yana shan hantsi kamar gungumen itace. Dokar wurin a bar taku 30 tsakani, kada a ba su abinci, yara kuma a riƙe hannunsu kusa da ruwa. Mutane na yawo da ƙafa da keke suna wuce su. Kamun kifi a cikin gandun jihar ba ya buƙatar lasisi, akwai kuma gidan kallon taurari a ciki.

Maman Ilham, Mile 12:
Alhaji, a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ni ma da ƙyar aka ja ni, wani gandun daban. Firjin motar ƙarami ne, murhun ma tukunya biyu sun cika shi. Ta yi miyarta tun a gida, a sayi naman halal a Houston, don ba a samu a can. A tafi da yaji, gashi a kan wutar itace ya fi na gas nesa ba kusa ba. Sai dai a tambaya a ƙofa, in an yi fari sukan hana kunna wuta. Daga ƙarfe 10 na dare ba hayaniya, ba ƙarar janareta. Ni shirun ne ma ya hana ni barci daren farko, kunne ya saba da Legas. Kuma kada ku yarda a kai ku a watan Yuli ko Agusta, zafin ba ya ɗaga ƙafa.

Alhaji na Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya, ta ce za ta je, amma taku 30 ɗin nan ita 300 za ta yi. Aikin tanki kuwa na riga na tura wa yaron saƙo, nasa ne shi kaɗai. Direba, ya ce a gaishe ka, ka riƙe tirelarka.