Neman shawara kan tarihin tsohuwar fistol ɗin gwaji ta Savage

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Amurka, maƙwabcina wani dattijo ne da ya gaji ƙaramar bindiga daga kakansa, ƙirar kamfanin Savage ce mai cin harsashi mai girman .45, ya ce tana cikin waɗanda sojan Amurka suka yi gwaji da su kafin su zaɓi ta kamfanin Colt. Idonsa ya yi rauni shi ya sa ya roƙe ni in taya shi bin diddigi, so yake ya san ko an taɓa mayar da ita kamfani gyara, da kuma hannun da ta bi daga soja har ta shigo gidansu, don ya rubuta wa jikokinsa. Babu rasit babu komai, sai ita da wani tsohon kube na fata da ya bushe. Saman ƙarfen kamar an goge shi, ga ɗan tsatsa kusa da marikin. Ta ina zan fara? Kuma in kai a wanke tsatsar ko a'a?

Mai son tarihi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa in har da gaske ce to abu mai wuyar samu ne a hannunku. A gwajin 1907 Colt da Savage ne suka rage, sai soja suka yi odar Savage guda 200 kan dala 65 kowacce aka raba wa sojan doki su gwada a fili. Sun ba da matsala sosai, aka riƙa mayar da su masana'anta a Utica ta jihar New York ana gyarawa ana dawowa da su, kaga kenan gyara ba baƙon abu ba ne a jikinsu. A gwajin ƙarshe na Maris 1911 aka harba harsashi 6,000, Colt ɗin da John Browning ya ƙirƙira ba ta cije ko sau ɗaya ba, Savage ta samu matsala sau 37, shi ke nan soja suka ɗauki Colt ɗin, wadda aka sa wa suna M1911. Bayan haka kamfanin Savage ya saye guda 181 daga hannun soja kan dala 6.50 kowacce, aka sabunta su aka sayar wa farar hula ta hannun dillali E.K. Tryon na Philadelphia. Wannan gogewar da ka gani tana iya zama daga wancan lokacin ne.

Tsohon soja: Dan Allah ƙanena kar ka bari kowa ya sa mata sanfefa ko injin goge ƙarfe. Ɗan mai kaɗan a tsumma mai laushi ya isa, kuma ka raba ta da kuben nan don fata tana riƙe laima, ita ke jawo tsatsar. Kar a gwada harba ta. Kafin komai a samu wanda ya iya ya tabbatar babu harsashi ciki, tsofaffin bindigogin gado sau da yawa a ɗure ake samunsu.

Mai tambaya: Na gode Baba, yau zan cire ta daga kuben insha Allah. To takardun fa, ina ake samu?

Hajiya mai aikin laburare: Lambar siriyal ce mabuɗinka. Ka ɗau hoton kowane rubutu da tambari da hasken rana, a duba ko lambobin da ke kan sassan sun yi daidai da juna, in sun saɓa alama ce an taɓa musanya wani sashi. Takardun ofishin makaman soja suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, National Archives, a rukunin da ake kira Record Group 156, can ake samun wasiƙun da suka yi da kamfanoni kan aikawa da gyara. Sai ka bi tsofaffin kundayen gwanjo irin na Rock Island Auction, suna sa hoto da lamba, ko ba ka ga taku ba za ka ga 'yan uwanta ka kwatanta. Amma ni a ganina gidan dattijon za ka fara tonawa, takardar wasiyya, tsofaffin hotuna, takardar sallamar kakan in ya yi soja. Labarin baka ka rubuta shi daban, abin da takarda ta tabbatar daban, kar ka gauraya.

Mai son tarihi: Ƙari kan na Hajiya, a dokar tarayyar Amurka wadda aka ƙera kafin 1899 ce ake ɗauka kayan tarihi zalla, wannan kuwa ta zo bayan haka, to bindiga ce cikakkiya a idon hukuma. In za a tura ta wata jiha a duba ko a sayar, sai ta hannun dillali mai lasisi. Hotuna sun wadatar a matakin farko.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Dattijon ya ce akwai akwatin takardun mahaifinsa a ɗakin ƙasa, ranar Asabar za mu buɗe, in mun samu wani abu zan turo hoton lambar.