Yara da aikin gona: ina iyakar koyarwa take?

Mai Garma ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suke zaune a gona tare da iyalansu, musamman iyayen da suka riga ni ganin girman 'ya'ya. Babban ɗana ya kai munzalin riƙe fartanya, kuma idan damina ta kankama aiki yakan yi mana yawa, domin noman firi ba ya jiran kowa, ciyawa kuwa idan aka yi mata sakaci sai ta danne shuka. Ni ina ganin fitar yaro gona tarbiyya ce, amma mahaifiyarsa tana kuka da cewa yana dawowa a gajiye, har barci ya kwashe shi a kan littafinsa. Ba na son ya tashi bai san ƙasar da take ciyar da shi ba, kuma ba na son in zalunce shi da sunan koyarwa. Wane aiki ne ya dace da yaro, kuma a ina ya kamata uba ya tsaya?

Tsohon Manomi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fitar da shi, amma ka fitar da shi a matsayin mai koyo, kada ka lissafa shi cikin ma'aikatanka. Idan ka auna gonarka ka ce kunya kaza ta yaro ce, kuma dole ya gama ta kafin rana ta take, to ka mayar da shi ɗan ƙwadago. Idan kuwa yana gefenka, kana nuna masa yadda ake tona ƙasa da yatsa a ga ko laima ta shiga sosai kafin a yi shuka, da yadda ake bambanta tsiron hatsi da ciyawar da ta yi kama da shi, da yadda ake cire tsiro mai rauni a bar mai ƙarfi, wannan ilimi ne da ba zai same shi a wani wuri ba. Ka sa a yi masa fartanya daidai tsawonsa, domin ƙotar manya tana sa yaro ya sunkuya fiye da kima, bayansa ya yi ciwo. Sannan ka yanka masa ɗan fili nasa, ya shuka, ya nome, ya girbe da hannunsa. Na ga yaron da ake fama da shi kafin ya tashi da safe, amma da ya samu nasa filin, shi yake riga kowa zuwa duba ko tsiro ya fito.

Malamin Gona ya amsa:

Na yarda da Baba, sai dai ina so in ƙara abin da bai kamata a yi sassauci a kansa ba. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 160 ne suke aikin da bai dace da shekarunsu ba, kusan kashi 70 cikin ɗari a harkar noma, kuma mafi yawansu suna yi ne a cikin iyalansu. Ma'ana, matsalar tana faruwa ne a gonaki irin namu, a hannun iyayen da suke ƙaunar 'ya'yansu. Yarjejeniyar ƙungiyar mai lamba 138 ta 1973 ba ta haramta wa yaro taimakon gida ba. Ta yarda da aiki marar nauyi daga shekara 13, ko 12 a ƙasashe masu tasowa, muddin bai cutar da lafiyarsa ba kuma bai hana shi makaranta ba, aiki mai haɗari kuwa sai ya kai 18.

Babban haɗarin da nake gani shi ne maganin feshi. Kada yaro ya haɗa magani, kada ya goya tankin feshi, kada ya wanke shi, kuma kada ya shiga gonar da aka fesa sai lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar ya wuce. Gubar tana shiga ta fata da numfashi, jikin yaro kuwa ƙarami ne kuma bai gama ginuwa ba, don haka abin da babba zai jure yana iya kwantar da shi. Kwalbar da ta ƙare ma kada a bar ta a tsakar gida, domin yara suna ɗauka su zuba ruwa. Bayan wannan sai adda, da injin sussuka mai bel a buɗe, da ɗaukar buhu mai nauyi, da aiki a tsakiyar rana.

Uwar Gida ta amsa:

Yaya, ina roƙonka ka saurari mai ɗakinka, domin ita take ganin abin da ya rage na yaron bayan ka sallame shi. Kai kana ganin sa'o'in da ya yi a gona, ita kuwa tana ganin ruwan da ya ɗebo, da ciyawar da ya yanko wa dabbobi, da tafiyar da ya yi zuwa makaranta. Idan aka haɗa waɗannan, yaron da ake cewa taimako kawai yake yi ya cika yini cur yana aiki. 'Ya'ya mata sun fi shiga wannan hali, saboda aikinsu a cikin gida yake, ba a cika lissafa shi ba. A gidanmu mun tsayar cewa ranar makaranta ba a kai yaro gona, sai ranakun hutu da sanyin safiya, kuma duk wanda ya je gona an ɗauke masa ɗiban ruwa a ranar.

Mai Garma ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yanka masa filinsa a kusa da gida, inda ba na yin feshi, kuma zan zauna da mahaifiyarsa mu lissafa duk abin da yake yi a yini. Malam, saura tambaya ɗaya: idan ganye yana da raɓa da safe bayan an yi feshi da kwana biyu, akwai haɗari ga yaron da ya ratsa cikin gonar?