Shin magungunan rage kumburi suna kare tsofaffi daga cutar mantuwa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana fama da ciwon gwiwa, kuma takan sha ibuprofen idan ciwon ya tsananta. Na ji ana cewa masu shan irin wannan magani na tsawon lokaci ba su cika kamuwa da cutar mantuwa ba, har ƙanina ya kawo shawarar ta riƙa sha kullum ko da ciwon ya lafa. Ina roƙon masana su fayyace mini ko wannan magana tana da tushe.

Malamin Lafiya:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya. Maganar tana da tushe, amma shawarar ƙaninki ba ta da shi. A shekarar 2001 wani bincike da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, kan mutane kusan 7,000 masu shekara 55 zuwa sama, ya nuna cewa waɗanda suka sha irin su ibuprofen, naproxen da diclofenac na shekara biyu ko fiye sun fi sauran kuɓuta daga cutar Alzheimer, wani nau'in cutar mantuwa. A 2025 masu binciken suka sake fitar da sakamako kan mutane 11,745, inda raguwar haɗarin ta tsaya a kashi 12 cikin 100 ga masu shan na dogon lokaci, alhali masu shan na ɗan lokaci ba su sami wata kariya ba. Abin da ake zato shi ne kumburin da ke tasowa a ƙwaƙwalwa, a kewayen dunƙulen wani furotin mai suna amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar, yana da hannu wajen lalata ƙwayoyinta.

Sai dai waɗannan bincike na sa ido ne kawai, wato ana lura da mutane ne ba tare da an zaɓa musu abin da za su sha ba. Da aka zo gwaji na ainihi, inda ake raba mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha magani wasu su sha ƙwayar da ba komai a cikinta, labari ya sha bamban. Gwajin ADAPT a Amurka ya ba mutane fiye da 2,500 masu shekara 70 zuwa sama naproxen ko celecoxib ko ƙwayar banza, aka dakatar da shi a Disambar 2004 saboda fargabar illa ga zuciya, kuma ba a ga kariya ba ko a bibiyar da aka yi daga baya. Gwajin ASPREE kuma, a Ostireliya da Amurka, ya gwada asfirin kan tsofaffi 19,114, mantuwa ba ta ragu ba, zubar jini ne ya ƙaru.

Ɗalibin Ilimi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai ƙari zan yi kan dalilin saɓanin. Tsohon da ya iya jure wannan magani shekara da shekaru, galibi dama ƙodarsa da cikinsa da zuciyarsa lafiya lau suke, domin mai rauni tun da wuri likita zai hana shi. Ke nan mai yiwuwa ne lafiyar jikin ce ta kare ƙwaƙwalwar, maganin ya tsinci yabo a banza. A 2009 ma wani binciken sa ido a birnin Seattle ya sami akasin haka, wato masu yawan shan maganin sun fi kamuwa.

Ma'aikaciyar Jinya:
'Yar'uwa, abin da ya fi damuna shi ne illar da ba ta da shakka. Waɗannan magunguna suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, musamman ga mai shan maganin tsinka jini ko na sa fitsari. A tsoho zubar jinin kan zo a ɓoye, sai dai a ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, jiki ya yi sanyi, ga jiri idan an miƙe tsaye. Ki kai Mama wurin likita a auna ƙodarta, ki kuma tambaye shi ko na shafawa a gwiwa zai wadatar da ita, tunda abin da yake shiga jini daga gare shi kaɗan ne. Idan kuwa ƙwaƙwalwar ce abin damuwa, a duba mata hawan jini, suga, ji da gani, domin duka huɗun suna cikin abubuwa 14 da kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024 a matsayin waɗanda kula da su zai iya rage haɗarin cutar.