Ƴan kokowa na sandarewa gaban kamarata, ina neman shawara

Habu_MaiHoto:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ni mai ɗaukar hoto ne nan Damagaram, wajen Sabon Gari nike, shekara 4 ke nan ina aikin biki da suna da hoton katin ɗan ƙasa, alhamdulillahi ana samun na cefane. Amma akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, ina son in yi hotunan mazajen garin nan, ƴan kokowa da ƴan tauri da mahaya doki, hoto irin na gwaninta wanda za a wanke babba a rataye a bango mutum ya tsaya ya kalla, ba na albam ba. Tun da na ga aikin Seydou Keïta na Bamako hankalina ya tahi can, mutumin nan a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana da zane a baya, amma kowa ka gani ciki kamar sarki.

To ga matsalata. Satin da ya wuce na tahi da ƴan kokowa uku wajen duwatsun Birni da la'asar, samari ne da in ka gan su cikin hili sai gabanka ya faɗi, amma wallahi ina ɗaga kamara sai suka sandare, hannu a gefe ido a zare kamar masu hoton fasfo, na ce ku saki jiki, na ce ku yi kamar za ku kama abokin karawa, sai abin ya ƙara lalacewa. Hoto sama da 200 na ɗauka, babu ko biyar da suka yi min. Bayan haka na sa guda a Facebook, da dare yayan yaron da ke cikin hoton ya kira ni ransa a ɓace ya ce in cire, na cire na ba shi haƙuri amma har yau ban gane laifina ba tunda yaron da kansa ya zo. Kuma akwai maganar kuɗi, nawa ake ba mutum? Ko hoton ya isa? Sannan wasu sun fara cewa me ya kai ni ɗaukar maza ba riga. Don Allah manya ku taimaka.

Alhaji_Tsohon_Situdiyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi wannan sana'a tun zamanin fim da ɗakin duhu, kuma abin da ya same ka ya sami kowa. Ɗan kokowa bai san tsayuwar hoto ba, ya san kokowa, kai kuma ka raba shi da abin da ya sani ka kai shi kan dutse ka ce ya yi kamar. Jikinsa ba ya tashi sai ya ji ganga da kirarinsa. Ka nemi makaɗinsa, shi ne abokin aikinka na farko tun kafin ɗan kokowar, ka biya shi ya zo da gangarsa, ka bari ya wasa shi minti goma sha biyar kai kana gefe ba ka ɗauki komai ba, za ka ga kafaɗa ta buɗe tafiya ta canza, ya manta da kai. A nan ne aikinka zai fara.

Kuma tunda ka ambaci Keïta, ka lura shi ma ba tsayar da mutane kawai yake ba, yana ajiye rediyo da agogo da babur a situdiyo mutum ya zaɓi abin da zai riƙe, hannu in ya samu abin yi fuska sai ta kwanta. Malick Sidibé kuwa, shi ma mai hoto ne na Bamako, wuraren rawar samari yake bi da dare har ya zama ɗan gida, shi ya sa ba ka ganin tsoro a fuskokinsu, kuma a 2007 aka ba shi babbar kyauta a Banis ta Italiya a kan wannan aiki.

Batun haske, la'asar ka yi daidai amma kar ka sa rana a bayanka tana dukan idonsu, ka sa ta a gefe don tsoka ta fito, wani yaro ya riƙe maka farin zane ko kwali mai takardar alminiyam ta ɗaya gefen, baƙar fata tana son hasken da ya dawo a hankali, filashi kai tsaye yana sa goshi ya yi ƙyalli ya cinye kamanni. In suna motsi kar saurin ƙyaftawar kamara ya sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana, alheri ne gare ka, sai dai ka kiyaye ƙura, kar ka canza gilashin kamara a hili.

Ɗan_Walki_Mirriah:
Malam Habu ni na yi kokowa shekaru kafin gwiwa ta hana ni, bari in gaya maka laifinka tunda ka ce ba ka gane ba. Yaron nan da layunsa da gurayensa ka ɗauke shi ko? To shi ne. A wurinmu shirin da mutum ya ɗaura ba ado ba ne, akwai wanda malaminsa ya ce kar ido ya gani sai cikin hili, kuma da yawa cikinmu sun yarda cewa in hotonka da shirinka ya faɗa hannun abokin karawa zai iya kai shi inda za a karya. Ko kai ka yarda da wannan ko ba ka yarda ba, su sun yarda, kuma su ne za su shiga hilin Langa-Langa gaban jama'a su sha kaye in an samu matsala, sai a ce hotonka ne. Yaron ƙarami ne ya ji kunyar hana ka, yayansa ne ya san nauyin abin.

Saboda haka kar ka tunkari ɗan kokowa shi kaɗai, ka je wurin ubangidansa ko mai horar da shi ka gaida shi ka faɗi abin da kake so, da ɗan gari akan ci gari. Kuma kar ka zo lokacin da ake shirin zaɓen waɗanda za su wakilci jaha a gasar takobi, wato kokowa ta ƙasa, mutum 10 kawai kowace jaha ke kaiwa, kowa a tsorace yake da kowa. Bayan an gama gasa ka zo, za su ba ka lokaci har ka gaji.

Amma ka ci gaba don Allah kar ka bari. Tun 1975 ake wannan gasa, a Tahoua aka fara Kantu na Maradi ya ɗauki takobi, yau ka nemi hoto mai kyau na mazajen wancan lokaci ka ga wuyar da za ka sha. Ni kaina ba ni da hoto ko ɗaya na ƙuruciyata cikin walki da zan nuna ma ƴaƴana, wannan abu yana min ciwo.

Hajiya_Ɗinki_Zango:
Ƙanena ni ta fannin kuɗi zan yi magana don ina ɗinka kayan maza kuma ina ɗaukar samari manekan, wato masu tallar kaya, su sa min jamfa da babbar riga a yi hoto. Hoto shi kaɗai bai isa lada ba, ban yarda da wannan ba sam. Mutum ya bar aikinsa ya hau kabu-kabu ya zo ya tsaya maka awa uku a rana, kai za ka samu suna da aikin, shi fa? Ni jikka biyar nike ba kowane yaro a wuni da abinci da kuɗin moto, in ba ka da shi ka rage yawan mutane ka yi da ɗaya. Sannan ku rubuta a takarda ko ku yi rikodin murya da Hausa a waya, ina za a sa hoton, Facebook ne ko bango ne ko sayarwa, in an sayar nawa ne nasa, kuma ya ga hoton kafin kowa ya gani. Dubi Wodaabe, shekara nawa Turawa na zuwa Ingal da wuraren Gerewol suna ɗaukar samarinsu da kwalliya, hotunan sun zagaye duniya, sau da yawa ko sunan mai fuskar babu a ƙasa. Mu kar mu yi ma junanmu haka, ka rubuta sunan mutum da garinsa da sunan makaɗinsa in sun yarda.

Masu surutu kuwa ba yau suka fara ba, lokacin da Alphadi mai zanen tufafi ya fara FIMA, bikin nunin kayan ɗinki na Afirka, a 1998 can hamadar Agadez an yi magana, har yau iyaye da yawa ba su son ɗansu ya yi manekan, ni sai na je gida na yi ma uwa bayani kafin a ba ni yaro.

Malam_Sani_Garin_Malam:
Hajiya ba duka surutu ne na banza ba. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take a wurin mafi yawan malamai, kuma hoto ba kamar hili ba ne da ake watsewa a tahi gida, yana zama a wayar kowa har bayan ran mutum. Ni shawarata Habu, ƙirji da damtse da fuska sun ishe ka nuna ƙarfin namiji, ka sa su sa wando mai rufe gwiwa ƙarƙashin walki ko ka yanke hoton daga sama. Ɗan tauri da mahayin doki ma ai cikin suturarsu kwarjininsu yake.

Habu_MaiHoto:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Ɗan_Walki wallahi ka faɗi daidai, da layun na ɗauke shi har na matso kusa don su fito sosai, yanzu na gane, gobe in sha Allah zan je gidansu in samu yayan ido da ido in nuna masa na goge har cikin kati. Malam na karɓi maganarka, dama hotunan da suka fi min kyau daga ƙirji zuwa sama ne. Hajiya jikka biyar ga mutum uku da makaɗi ya fi ƙarfina yanzu, zan fara da ɗaya kamar yadda kika ce. Saura tambaya guda Alhaji, mahayan fada fa, dogarai da masu lifidi da masu algaita, ranar hawan salla zan bi su ko yaya?

Alhaji_Tsohon_Situdiyo:
Ranar hawa cunkoso da ƙura ba za su bar ka ka yi irin hoton da kake so ba, ka ɗauki na tarihi kawai. Na natsuwa sai ka nemi izini a fada tukuna ta hannun wanda ya san ka, kar ka shiga da kamara a wuya, sannan ka roƙi mahayi ɗaya ya shirya dokinsa wata safiya bayan salla, jan kaya da kore a jikin bangon ƙasa na Birni da hasken ƙarfe bakwai, ba ka buƙatar wani zane a baya. Ka zo shagona ranar Asabar bayan azahar, ina da tsohon gilashin kamara mai milimita 50 da ba na aiki da shi in ara maka, kuma akwai wani makaɗin ƴan tauri maƙwabcina, zan aika a kira shi ku gaisa.