Wa ke ba da izinin sakin bom daga sama?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jiya a teburin mai shayi gardama ta kaure kan abin da ya faru a Tudun Biri, daren 3 ga Disamba 2023, da jirgi marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi aƙalla 85. Abin da ya ɗaure min kai, sojan sama sun ce ba ruwansu, daga baya sojan ƙasa suka amsa. Ashe kowa da jirginsa? Kuma ta yaya jirgi mai kyamara zai kasa gane taron Mauludi?

Baba Sajan Kurna:
Wa'alaikumus salam, yaro. Kyamara tana gani, amma ba ta sanin mutum. Da dare zafin jiki take nunawa: ɗigo-ɗigon fari sun taru, ga babura a gefe. Ɗan bindiga da mai bege duk kamarsu ɗaya.

A ƙa'ida matakai shida ne, kamar yadda sojan Amurka suka tsara: a gano, a tabbatar da wurin, a bi sawu, a zaɓi makami a nemi izini, a kai hari, sannan a duba abin da aka yi. Inda ake tuntuɓe shi ne tabbatarwa. Kafin a saki komai, ya kamata wani na ƙasa ya ce na sani, waɗannan su ne. Akwai kuma jerin wuraren da ba a taɓawa: masallatai, asibitoci, sansanin gudun hijira. A Rann ta jihar Borno, Janairun 2017, da jirgin sojan sama ya saki bom a sansanin 'yan gudun hijira, sojoji da kansu suka ce sansanin ba ya cikin taswirarsu. Taswira fa! Ba makami ne ya gaza ba, labari ne bai isa ga matuƙi ba.

Maman Hanifa Hotoro:
Baba, to ai Amurkan ma sun yi. Sun kai hari asibitin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a Kunduz ta Afghanistan, 2015, mutum 42 suka mutu, alhali an ba sojojin lambobin wurin a taswira tun kafin harin. Ni dai tsarin takarda bai cika burge ni ba.

Baba Sajan Kurna:
Gaskiyarki, 'yata. Shi ya sa nake cewa haɗin gwiwa ba suna ba ne. Sai na sama da na ƙasa da masu leƙen asiri sun zauna ɗaki guda, suna kallon allo guda, kuma ƙaramin hafsa yana da bakin cewa a dakata.

Ɗan Fagge:
Na gode, Baba. To mai unguwa da dagaci fa, ana tambayarsu kuwa kafin jirgi ya tashi? Su ne suka san ranar da ake taro.