Tarihin garkenmu yana cikin kan Kaka, shi kuma ya tsufa: ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Gidanmu gidan shanu ne tun daga kakan mahaifina. Shi ya sari dajin, ya haƙa rijiyar da har yau muke shayar da garke, kuma da karsana biyu aka ce ya fara. Wannan "aka ce" ɗin ce damuwata, don ko takarda ɗaya ba mu da ita. Komai yana wajen Kaka, shi kuma ya haura tamanin. Kwanaki da sunan ƙanensa da ya rasu ya kira ni.

Na ɗauki littafi da biro na zauna gabansa, na ce wace shekara aka sake ginin rijiya? Ya yi dariya ya ce, "Shekarar da Jar Saniya ta haifi tagwaye." To ni me zan rubuta? Ga kuma Baffa, da ya ga ina rubutu sai ya ɓata rai, ya ce wa mahaifiyata wai lissafin gado na fara tun mai abu yana da rai. Wallahi ba haka ba ne. Ku taimaka.

Wani dattijo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye biron nan. Tsoho ba ya son a tsare shi da tambaya kamar a gaban alƙali. Ka bi shi turke da yamma idan shanu sun dawo, ka kunna rikodar wayarka, ka nuna saniya ɗaya ka ce, Kaka, wannan 'yar wacece? Shi ke nan, ka yi shiru. Zai lissafo maka uwarta da uwar uwarta, da bijimin da ya hau su, da wadda aka sayar saboda rashin lafiyar wani. Bijimi zuwa yake ya wuce, ana canza shi kafin ya kai ga 'ya'yansa, amma tsatson mata yana nan. Ba mamaki ka tarar rabin garkenku jikokin karsana biyun nan ne. Ka yi sauri dai.

Likitan dabbobi:
Amsar da ya ba ka ta tagwaye ba shirme ba ce, kwanan wata ne irin nasa, kai za ka mayar da shi lamba. Ka nemi manyan abubuwan da ba mai shanun da ya manta, ka rataya labarinsa a jikinsu. Babba ita ce bushiya, wato annobar nan mai kashe shanu. Ta shigo Afirka ta Eritiriya wajajen 1887, cikin 'yan shekaru ta share mafi yawan shanun inda ta bi, don haka garken da ya daɗe galibi daga 'yan tsirarun da suka tsira aka sake tara shi. A 1962 aka fara babban gangamin rigakafinta, har ana huda kunnen saniyar da aka yi wa allura. Ka tambaye shi shekarar huda kunne. Ta sake ɓarkewa a farkon shekarun 1980, sai a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya, cuta ta biyu bayan agana. Ga kuma farin 1973 da na 1984 ga wanda ya same shi a yankin Sahel.

Sai ka ce masa, tagwayen nan kafin fari ne ko bayansa? Haihuwa nawa tsakani? Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, amma kada ka ɗauka haihuwa ɗaya shekara ɗaya ce, ta kiwon daji takan daɗe ba ta sake ɗauka ba. Ka rubuta "wajajen", ya fi ka ƙirƙiro shekara.

Wata 'yar'uwa:
Duk kun manta da mata. Wa ke tatsa? Idan kakarku ko wata goggonku na raye, ita ta san wadda ke harbi, da wadda ba ta sakin nono sai an kawo maraƙinta ya fara tsotsa. Kakata ta kan gane saniya da kukanta cikin duhu. Ku zauna da ita daban, a gaban maza ba za ta saki baki ba.

Wani ɗan'uwa:
Ni maganar Baffa ta fi tsaya mini. Kada ka raina ta, malam. A gidanmu irin wannan littafin ne ya zama hujja ranar rabo, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa. Garken gida ba na mutum ɗaya ba ne, akwai ta wane da ta wance a ciki, kowa ya san tasa amma ba a faɗa. Ka cire "ta waye" da "guda nawa" daga rubutunka gaba ɗaya. Sannan ka je wajen Baffan da kanka, ka ce kai ka yi kiwo da Kaka shekarar fari, ba ni labari. Wanda aka sa cikin labari ba ya tsoronsa.

Wani dattijo:
Gaskiya ne. Idan kuma Baffa da Kaka suka saɓa a kan abu ɗaya, rubuta duka biyun da sunan mai faɗa. Ba kai za ka raba musu gardama ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na bi Kaka turke, na nuna wata fara mai karyayyen ƙaho. Minti arba'in yana magana, ya kai ni har uwa ta shida. Ashe ba biyu ba ce karsanar farko, uku ce, kura ta kama ɗaya. Baffa yana gefe yana ɗaure maruƙa, bai ce uffan ba, sai da Kaka ya zo kan fari ya juyo ya ce, "A'a Baba, ba ta nan muka bi ba." Gobe muryar Baffan zan ɗauka. Likita, muryar da na naɗa fa, ina zan ajiye ta kada wayar ta lalace da ita?