Waɗanda aka zaftare wa fanshon ƙungiyar ƙwadago a Amurka, ku faɗi yadda ta kasance

Tsohon direban tirela, jihar New York:
Assalamu alaikum. Na buɗe wannan magana ne domin 'yan'uwanmu da ke aiki ƙarƙashin ƙungiyoyin ƙwadago su ji daga bakin waɗanda abin ya ci. Na kwashe shekaru masu yawa ina jan tirela, kuma duk lokacin da ƙungiya ta zauna da kamfanoni kan albashi, mukan haƙura da wani ɓangare na ƙarin kuɗi domin a zuba shi a asusun fansho, saboda haka ni a wurina fansho albashina ne da na ajiye. A watan Disambar 2014 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ba asusun da ke dab da durƙushewa damar rage kuɗin waɗanda suka riga suka yi ritaya. A 2017 wasiƙa ta iso gidana, aka yanke mini kusan kashi uku cikin goma. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne ƙuri'ar da aka ce mu kaɗa, domin a tsarin dokar duk wanda bai mayar da takardarsa ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka amince. Na san tsofaffin da ba su ma buɗe ambulan ɗin ba.

Matar marigayi, Ohio:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin ƙarfe ne a wuraren gine-gine, kuma ragin ya same shi yana da shekara saba'in da 'yan kai. Dokar ta kare waɗanda suka kai shekara 80 da masu karɓar fanshon naƙasa, ta kuma sassauta wa 'yan 75 zuwa 79, shi kuwa bai shiga ko ɗaya ba. Abu na farko da muka rage shi ne kuɗin da muke aika wa mahaifiyarsa a Kumasi, kuma sai da ya yi kwanaki yana juya maganar a ransa kafin ya iya kiranta ya faɗa mata. Ya rasu kafin a gyara lamarin. Daga baya an mayar mini da kason da nake karɓa a matsayin matarsa yadda ya kamata ya kasance, amma shi bai ga ranar ba.

Ɗan wani mai ritaya, Chicago:
Allah Ya jiƙan Baba, Hajiya, Ya sa ya huta. Ni ne nake karanta wa mahaifina takardunsa, don haka dole ta sa na fahimci tushen matsalar. Irin wannan asusu kamfanoni da yawa ne ke zuba kuɗi a cikinsa. Bayan dokar 1980 da ta sake wa harkar jigilar kaya mara, kamfanonin da ke da ƙungiya suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu ritaya suka fi masu aiki yawa, sannan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 2008 ta zo ta ƙara dagula lissafi. Hukumar inshorar fansho ta tarayya, wato PBGC, iyakar abin da take lamuncewa ga mai shekara 30 a aiki shi ne dala 12,870 a shekara, wanda ko kuɗin haya ba zai biya ba a wannan gari. Mahaifina ya samu wasiƙar gargaɗi, ya shekara yana kwana da fargaba, amma ragin bai kai ga tabbata a kansa ba.

Tsohon direban tirela, jihar New York:
Haka ne, ɗana, kuma ya kamata a faɗi yadda aka yi gyara ya zo, domin ba daga sama ya faɗo ba. Tsofaffin direbobi ne suka yi ta shiga motocin safa zuwa Washington. An sa wa dokar ceton asusun fansho sunan Butch Lewis, wani tsohon direba daga Cincinnati wanda ya rasu a ƙarshen 2015 yana cikin wannan fafutuka, matarsa Rita ta ɗora daga inda ya tsaya. An zartar da dokar a watan Maris na 2021, kuma a Disambar 2022 asusun Central States, wani babban asusun fanshon direbobin manyan motoci, shi kaɗai ya samu tallafin kimanin dala biliyan 36 daga gwamnati. Ni an mayar mini da cikakken fanshona tare da abin da aka riƙe, sai dai gidan da na sayar a tsakiyar wahalar ya riga ya tafi. An tsara tallafin ne ya kai asusun zuwa 2051, don haka ina roƙon matasanmu su riƙa buɗe takardar da asusu ke aikowa kowace shekara kan ƙarfin kuɗinsa, wanda kuma Turancin ya yi masa nauyi ya kawo ta masallaci ranar Juma'a mu karanta tare.